Akuyar da Tari Ya Bari

Yayata ta dawo gidanmu na Giwa Tazo bayan rasuwar mijinta, da akwatinta da awakinta. Da awakin nan take sayen sabulu da gishiri, da su take zuwa biki ba ta roƙi kowa ba. Wata shekara tari ya shiga gari ya kwashe mata su, ya bar jar akuya guda. Akuyar ma ta sha wuya, ta tashi da wani gurnani a ƙirji wanda bai rabu da ita ba.

A wurinmu dabbar da ta yi jinya ta tashi ba ta daɗewa a gida. Da ta miƙe ake kai ta kasuwa ko a kira mahauci, don ana cewa ciwo ya riga ya san hanyarta. Haka muka taras ana yi, haka na yi da nawa. Yaya ta ƙi. Ta ci gaba da ba ta dusa da harawa, a hankali garken ya sake tasowa da 'yan awakin da take saye ɗaya-ɗaya.

Bayan wasu shekaru aka kawo ragunan turka daga kasuwar Jega saboda layya, tarin ya biyo su. Ya fara daga gidan maƙwabcinmu, ya tsallako katanga. Awaki suka riƙa majina, idanu suka cika da kwantsa, ga gudawa. A lokacin jar akuya ta haifi tagwaye suna tsotso.

Magana ta bi gari cewa tsohuwar akuyar nan ce ke riƙe da ciwon, ai kowa yana jin gurnaninta. Mata suka yi ta faɗin haka a bakin rijiya, maza suka faɗa mini a ƙofar masallaci. Ni ne maigida, sai na aika wa mahauci.

Ya zo da hantsi da igiyarsa. Yaya ta zauna a bakin turke ta miƙe ƙafafu.

"Autan Inna, yau kuma ni za ka yi wa sarauta?"

"Yaya, mutane na magana."

"Mutanen nan su suka kwana da ita da tana shure-shure?"

Mahauci ya taɓa bayan akuyar ya yi dariya. "Hajiya, wagga ko an dafa ta sai an kira maƙeri."

"To ka bar ta, ka hutar da haƙoran jama'a."

Muna cikin haka babur ya tsaya a waje. Likitan dabbobi ne daga Maiyama, mai gari ya kira shi yana bin gida-gida. Ya gaishe mu, ya duba marasa lafiyar, ya sa aka ware su bayan rumbu. Da ya zo kan jar akuya sai ya tsuguna. Tana tuƙa hankali kwance, tagwayen suna dukan hantsarta, hancinsu fes.

"Inna, wannan ta taɓa yin tarin?"

Yaya ta ce ta yi, har an fid da rai.

Ya ce shi ya sa. Jikin dabbar da ta yi wannan ciwo ta warke yana gane shi, in ya dawo ba ya samun wurin zama. Gurnanin tabo ne kawai da ya rage a huhu, ba ta ɗauke da komai. Kariyar nan kuma tana bin dakashi, nonon farko, ta shiga jikin 'ya'ya. Ya ce a kudu inda ya yi karatu, har a aladu ya ga haka.

"A'uzu billahi!" in ji Yaya. "Ɗan nan, ka yabi akuyata ka haɗa ta da alade?"

Ya yi dariya ya ba ta haƙuri. Ya ƙara da cewa abin dakashi ba ya dawwama, in tagwayen sun ɗan tasa a kai su a yi musu allurar rigakafi.

Na tsaya ina tuna awakina da suka tashi daga jinya na tura su kasuwa, na sayo sababbi masu sheƙi waɗanda yanzu suke kwance bayan rumbu. Mahauci ya naɗe igiyarsa ba tare da an ce masa komai ba. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa Yaya in ta tashi sayar da 'yar macen ta tuna da shi, ba don yanka ba.

Sauran garken bai tsira ba. Jar akuya da tagwayenta suka rage mata. Da suka tasa ni na ɗauke su a kwando bayan babur na kai su allura. Daga 'yar macen nan Yaya ta sake tara awaki, da su ta yi hidimarta har ƙarshen ranta. Ita kuwa tsohuwar akuyar a turkenta ta mutu, haƙoranta duk sun zube, Yaya tana jiƙa mata dusa da ruwan ɗumi.