Shekarar da Ƙiryar Kakata Ta Zama Dangin Ɗorawa

A Zakka, lokacin da nake zuwa makarantar allo, kowace ɗorawa ta mai gari ce, ko da a tsakiyar gonarka ta tsiro. Kai ka yi noma a ƙarƙashinta, amma in ta nuna matan gidansa ne ke zuwa su kaɗe. Haka aka gada, kamar yadda mai gari ke kai gaisuwa Katsina, Katsina ta kai Sakkwato.

Kakata, wadda na tashi a hannunta, ba ta da ɗorawa, sai ƙirya guda a bakin gona. Da 'ya'yanta take yin daddawa ta kai kasuwar Batsari, abin da muke ci ke nan. Ni ke tsinto mata su in an tashi karatun safe.

Wata shekara ɗorawa ta ƙi 'ya'ya. Wakilin mai gari ya bi ta bayan dangarmu, ya ji wari, ya yi sallama.

"Iya, ina kika samu kalwa bana?"

"Ta ƙirya ce, ɗan nan."

"Itacen da ya ba da daddawa ai ɗorawa ne, ko ƙanwarta."

"To, akuya ma da ke ba da nono ƙanwar saniya ce. Tafi ka ɗaura mata garmar shanu."

Maganar ta kai gaban malaminmu, don shi ne liman kuma shi ke raba gado. Aka aike ni na karyo reshen ɗorawa da na ƙirya, na ajiye bisa buzunsa ban ɗaga kai ba. Na san ganyen ɗorawa ya fi sirantaka da yawa, furenta ja ne dunƙule yana reto, na ƙirya kuwa siriri ne kamar wutsiyar ɓera. Ba wanda ya tambaye ni.

Maƙerin gari ya ce shi dai gawayin ƙirya ya sani, ba ya haɗa ta da kowa. Wani Bafillace da ya zo wucewa ya ce shanunsa na cin duka biyun, ba su taɓa tambayar asali ba. Malam ya juya rassan, ya ce ganye ya yi kama, kuma kowace tana ɓoye 'ya'yanta a kwanso. In da mutane ne, da sun ci gadon juna. Dangi ne.

"Allah gafarta malam," in ji kakata, "wake ma a kwanso yake. A faɗa wa mai gari tun da wuri."

Malam ya yi gyaran murya, ya ce wake ba itace ba ne.

Washegari matan gidan mai gari suka kwashe ƙiryar tas. Kasuwa ta ci ba mu je ba. Miyarmu ta koma kuka da gishiri, kakata ta zauna tana kaɗi.

Ita ɗorawa da hannu ake ɓare ta, har yara su samu gari mai zaƙi. Kwanson ƙirya kuwa baƙi ne, da tauri kamar icce, sai turmi. Daga makaranta muna jin daka a gidan mai gari tun hantsi har la'asar, kullum. Wata ɗiyar gidan da muke karatu tare ta ce tabarya ta tsage, uwargida kuma ta ɗaure wuyan hannu da tsumma.

Ba a jima ba wakili ya dawo, mata na biye da shi ɗauke da kwanduna.

"Iya, mai gari ya sa an sake duba lamarin. Dangantakar ta yi nisa."

"Ta wajen uwa ko ta wajen uba?"

"Iya, don Allah ki karɓi kayanki."

Ta sa hannu cikin kwando, ta ga rabi an riga an fasa.

"Ka ce masa Allah shi ja zamaninsa, na gode da daka."

Ta ce in hura wuta, ta ɗora babbar tukunya.