Turmi Mai Ɗamarar Ƙarfe

A gidanmu na Limawa ba a jin tatsuniya kyauta. Kakata, Maama Dija, tana da ciwon kafaɗar dama wanda ya girme ni, kuma sharaɗinta ɗaya ne: mai son labari sai ya murza kafaɗa. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta jawo kujerarta kusa da murhu, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, ta miƙo mini kwalbar man shanu. Mu biyar ne jikoki a gidan, amma ni ta fi kamawa, wai hannuna ya fi nauyi.

"Maigidana, zo ka kama aikinka," haka take tsokanata. "Mijin da ba ya moruwa ba ya cin gyaɗata."

Ina murzawa ina mita. Kafaɗar tana da wani ƙulli mai tauri, in na danna sai ta ja numfashi ta ce, "Nan, nan." Takan fara da Fulatanci, ta ga mun zuba mata ido kamar awaki, ta yi tsaki ta koma Hausa. "'Ya'yan Jimeta, kun sayar da harshenku kun sayi burodi. To, ga baƙuwa a ƙofa."

Haka take buɗe tatsuniya. Mu amsa baki ɗaya, "Ta shigo, an share mata wuri!"

Tana da labaran kura da zomo, da na aljanun da ke wanka a Binuwai da tsakar rana. Amma akwai ɗaya da take yawan komawa kansa, wanda babu dabba ko aljani a ciki, duk da haka shi ya fi sa tsigar jikina tashi.

Wai a wani gari na bakin kogi, wani malami ya zo da baƙin allo a ka da alli a aljihu, yana neman inda zai koyar da yara boko. Ya bi gida-gida, kowa ya ce babu wuri. Sai wata mata ta kori awakinta daga zaure, ta share, ta yayyafa ruwa, ta ce ya shiga. Malam ya jingina allonsa, ya rataye wani gwangwani yana bugawa kowace safiya. Ya buga har hannunsa ya gaji, yaro ko ɗaya bai leƙo ba. Duk suna bakin kogi suna kamun kifi.

Matar kuwa tana da turmi. Da hantsi ya fara leƙowa sai ta zuba gyaɗa ta hau daka don kunu. Ta buga uku, ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. A nan Maama takan ture hannuna ta kwaikwaya, mu ji tafin ya karaɗe tsakar gida. Yara suka gane cewa in turmin nan ya yi magana, kunun gyaɗa na tafe. Suka fara zuwa da ƙoƙunansu. Matar ta ce babu mai sha sai wanda ya zauna gaban allo. Da haka makaranta ta kafu.

Rannan turmi ya tsage. Kwana uku Malam yana dukan gwangwani, zaure fayau. Sai matar ta ɗora turmin a ka ta kai wa maƙeri, ya yi masa ɗamara da ƙarfe. Da ta sake bugawa muryarsa ta canza, ta yi zurfi, wai har a Girei, a ƙetaren kogi, ana jin ta. Yara suka dawo, da ƙannensu a goye.

Na taɓa katse ta na ce, "Maama, me ya hana su sayen ƙararrawa kawai?"

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da wayonka na 'yan boko. Ƙararrawa me take ce wa yaro? Ka makara, za ka sha bulala. Turmi kuwa cewa yake, akwai mutane a gida, an ɗora tukunya. Wanne za ka bi?" Sannan ta rufe yadda ta saba: "Baƙuwa ta tafi, ta bar muku takalmanta."

Maama ta rasu ina sakandare. Na gama karatun koyarwa, na samu aiki a wata makarantar kuɗi ta jeka-ka-dawo a Nassarawo. Ni da na yi firamaren gwamnati a kan tabarma, ranar da na fara shiga sai da na tsaya na saki baki. Bene hawa biyu, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya mai famfo a kowane tebur, laburaren da ake cire takalmi kafin a shiga, ɗakin kwamfuta mai sanyi kamar randa. Ga filin ƙwallo, ga lambun da kowane aji ke da kunyarsa ta alayyafo da yakuwa, ga motoci masu ɗauko yara tun daga cikin Yola. A bangon ofis an rubuta tarihin makarantar: wani malami ya kafa ta a ɗaki guda da ɗalibai kaɗan, yanzu 'yarsa, Hajiya Asta, ke riƙe da ita. Lokaci kuwa jiniyar lantarki ke faɗarsa, mai ƙarar da ke tayar da tantabarun unguwa.

Sai shekarar da mutanen Mubi da Michika da Madagali suka kwararo Yola suna gudun 'yan bindiga, wasu a ƙafa, da ƙullin kaya a ka. Aka ƙara wa katangarmu tsawo, aka fara binciken jakunkuna a ƙofa. Hajiya Asta ta ce a ƙara benci a kowane aji, a karɓi 'ya'yan waɗanda suka gudo ba tare da an tambaye su komai ba. A ajina na uku aka kawo wata yarinya daga Michika, Kwanye. Ba ta magana, amma in na rubuta lissafi a allo, kafin in juyo ta gama.

Ranarta ta farko, jiniyar ƙarfe tara ta tashi. Kafin in ankara Kwanye ta shige ƙarƙashin tebur, ta toshe kunnuwa. Sai da na yi rabin awa ina lallashi kafin ta fito. Sau shida jiniyar ke kaɗawa a yini, kuma duk sau shidan haka ake yi. Ranar Juma'a uwarta ta same ni a bakin aji, ta yi mini magana da Hausarmu ta gari wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Malam, Kwanye ba zai dawo ba. Ranar da aka shiga garinmu yana cikin aji. Kukan motoci ne ya fara, irin wannan naku, sannan harbi. Yanzu ba ya cin abinci, ba ya barci. Gara ya zauna kusa da ni."

Na roƙe ta ta kawo ta Litinin, sau ɗaya kawai, ko da bakin ƙofa ne. Ta ce to, amma daga ganin fuskarta kunyata ta ji.

Na wuce ofishin Hajiya na ce a daina kunna jiniya. Ta cire tabarau. "Malam Hamman, na ji. Amma da me za mu tara yaran makaranta guda? Da tafi?"

Ban san abin da ya sa ba, sai na yi dariyar rashin mafita na ce, "Da a tatsuniyar kakata ne, Hajiya, da turmi za mu nemo." Na ba ta labarin a taƙaice. Ina kaiwa wajen maƙeri na ga ta ajiye biro.

"Wace ce kakarka?"

"Maama Dija. A Limawa muke."

Ta miƙe tsaye. Ta ɗauki mukullai, na bi ta har sito na bayan kicin. Ta sa aka janye karyayyun kujeru. Can a lungu ga wani turmi baƙi ƙirin, ya sha yanar gizo, da tsaga daga baki har ciki, da ɗamarar ƙarfe mai tsatsa.

"Ina da shekara shida na sha kunun turmin nan," in ji ta. "Shekara goma sha ɗaya Goggo Dija tana daka mana, ba ta taɓa fashi ba. Da za mu taso nan ta ce Baba ya tafi da shi, na makaranta ne."

Na durƙusa na shafa ƙarfen. Wallahi ashe turmin tatsuniyar Maama ne.

Ranar Litinin aka ajiye turmin a tsakiyar filin taro. Masu girkinmu biyu suka zuba gyaɗa, na nuna musu yadda Maama ke yi: uku, a cilla, a tafa, a cafe. Ban taɓa jin muryarsa ba sai ran nan. Zurfi gare ta, kana jin ta a tafin ƙafa kafin kunne. Yara suka bar guje-guje suka taho da kansu. Ni idona na kan ƙofa. Kwanye na tsaye ta ƙanƙame zanen uwarta, kafaɗunta a ɗage tana jiran jiniya. Ta saurara. A hankali ta saki zanen, na ji muryarta karo na farko.

"Mama, ana daka."

Ta ɗauki jakarta ta shigo.

Ba a sake kunna jiniyar ba. Yau makarantar ta ƙara bene, ta sa sola, 'yan muhawararmu suna ciyo kofuna, amma da safe turmi ke kira, 'yan manyan aji ke dakan bi da bi, maza da mata, a dama wa 'yan nazare kunu. Sauran lokuta ƙaramar ganga ake kaɗawa. Kwanye tana jami'a a ƙetaren gada, lissafi take karanta.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya hana Maama cewa ita ce matar. Watakila ta san da ta faɗa, da mun ɗauke shi hirar tsofaffi mun manta; da ta mayar da shi tatsuniya sai ya zauna a kaina har ranar da aka buƙace shi. An ƙara sunanta a bangon ofis yanzu. Amma ni ba rubutun nake tunawa ba. In turmin ya fara da safe, tafin hannuna ne ke tuna ƙullin nan mai tauri da taɓarya ta bar mata a kafaɗa. Shekara da shekaru ina murza tarihin makarantar nan da hannuna, ina mita, ina jira gyaɗa ta gasu.