Kakan Mahaifiyata, Maƙerin Fari

Shekarar da mahaifiyata ta zo ta zauna da mu a garin Bowie, nan ƙasar waje, na fara jin labarin kakanta. Muna hanyar dawowa daga asibiti ta ce maƙerin fari ne, wato azurfa yake ƙerawa, ba gatari da fartanya ba. Sunansa da unguwarsu a Kano kawai ta riƙe.

Na roƙi ɗan kawuna da ke Kano ya je gidan Sarkin Maƙera ya tambaya. Sai da ya yi sawu uku kafin wani dattijo ya fito masa da tsofaffin takardun ajami, inda ake rubuta wanda aka karɓa cikin sana'ar da wanda ya koya masa. Ya ɗauki hotunansu ya turo mini ta waya.

Ajamina bai kai can ba. Ranar Juma'a bayan an idar da salla a garin Lanham da ke kusa da mu, na kai hotunan wurin wani tsoho mutumin Kumasi da ya iya karanta rubutun mutanen da. Muka zauna cikin motata, ya gyara tabarau, yana bin layi da yatsa. A shafi na huɗu ya tsaya.

"Ga mutuminka nan," in ji shi. "An ce da idonsa ya fara rauni, shi da kansa ya zo gaban maƙera ya ajiye masaba, gudumarsa ta ƙira, don kada ya ba mutane aikin da bai gamsu da shi ba."

"Shi ke nan, Baba?"

"Da saura. Ba su bar shi ya zauna haka ba. In an yi gardama kan azurfa, tsantsa ce ko an gauraya, gare shi ake kaiwa. Ya jefa ta kan uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan ƙira a kansa, ya saurari ƙararta. Abin da ya faɗa shi ke zama."

Na koma gida na tarar da mahaifiyata tana tsince shinkafa a tire. Na maimaita mata duk abin da aka karanta.

"Na san shi yana zaune a zaure, ba ya gani," ta ce. "Manyan mutane su zo su durƙusa, su sa masa zobe ko munduwa a tafin hannu. Ni duk zatona tausayinsa suke ji."

Ta ture tiren gefe, ta ce in buɗe mata hoton shafin, in nuna mata daidai inda sunansa yake.