Soumaïla da Motar Marasa Lafiya

Karatu ne ya kawo Soumaïla daga Tahoua zuwa Lyon a shekarar 2014, ba tuƙi ba. Tun yana jami'ar Yamai wani shahararren marubucin Amurka ya shige masa rai, musamman ƙuruciyarsa: saurayin da ya ƙetaro teku a Yaƙin Duniya na Farko, ya riƙa tuƙa motar kwasar sojojin da suka ji rauni. A kansa Soumaïla ya ɗaura niyyar rubuta kundin digirinsa na uku.

Shekara biyun farko bai san komai ba sai takarda. Yakan hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ya wuni a ɗakin karatu yana bin wasiƙun marubucin, ya sauka wurin wani abokinsa a Porte de la Chapelle. Abu ɗaya ya hana shi sakat. Mutumin ya zayyana taɓo da ramukan hanya da ƙarar inji, amma da ƙyar ka ga layi guda a kan abin da masu raunin ke faɗa a bayansa. Soumaïla ya cika shafi arba'in yana cewa salo ne.

Da tallafin karatunsa ya ƙare, ya yi kwas na tuƙin motar marasa lafiya, wani ƙaramin kamfanin ambilans a Vénissieux, gefen Lyon, ya ɗauke shi. Aka haɗa shi da Inès, 'yar Aljeriya haifaffiyar unguwar, mai saurin hannu da saurin baki.

Cikin waɗanda suke ɗauka akwai Alhaji Maazou, mutumin Maraɗi da ya yi shekara arba'in a unguwar Minguettes, a hawa na goma sha ɗaya. Sau uku a mako suke kai shi wankin ƙoda. Gaisuwarsu kan kai su har ƙofar mota.

"Malam Soumaïla, ya littafin?"

"Yana nan, Baba."

"Kullum yana nan. Ko shi ne yake rubuta ka?"

Wata safiya a watan Maris na 2020, korona ta rufe gari, aka kira su gidan. Alhaji yana numfashi da ƙyar. 'Yarsa Lina ta biyo su har ƙasa, amma doka ta hana ta shiga motar. Inès ta zauna baya da shi, Soumaïla ya kama sitiyari.

Ba su yi nisa ba Faransanci ya kuɓuce wa tsohon, sai Hausa zalla. Inès ta buɗe 'yar tagar da ke tsakaninsu ta ce, "Me yake cewa? Ban gane ba!"

Soumaïla yana jin komai. Alhaji ya kira mahaifiyarsa, ya ambaci wata gona, ya nemi gafarar wani mutum, ya bar wa Lina saƙo. Ba halin tsayawa, ba halin waiwaye. Idonsa na kan titi, bakinsa na maimaita, "Na ji, Baba. Na ji." Bayan kwana huɗu Allah ya yi wa Alhaji rasuwa a asibiti.

A makon Soumaïla ya goge shafukan nan arba'in. Ya ce wa malamar da ke duba kundinsa, "Madam, ina ganin marubucin ya ji duk abin da masu raunin suka faɗa. Ya dai ga ba nasa ba ne, balle ya buga."

"Kana da hujja a wasiƙun?"

"Babu."

"To ba zai shiga kundi ba."

Bai yi gardama ba. Ya kammala a 2022, Inès ta zo kallon kare kundin da rigar aiki a jikinta. Yanzu kwana biyu yake koyarwa, uku yana tuƙi, kuma bai nuna alamar barin ko ɗaya ba.

Lina kuwa sai da aka buɗe gari ta same shi. Suka zauna a wani gidan shayi a unguwar Guillotière. Hausarta ba ta da yawa, don haka ya faɗa mata saƙon da Faransanci, ya riƙe sauran a cikinsa. Ta ajiye wayarta a tebur ta danna ɗaukar murya.

"Yaya, sake faɗa mini da Hausa, yadda ya faɗa."

Ya gyara zama, ya faɗa mata.