Ya Je Ya Dawo

Karatuna na boko a aji biyu na sakandare a Rano ya tsaya. Mahaifinmu ya rasu, babu mai riƙe gona, na tattara littattafaina na koma ƙauyenmu a bayan Saji. Amma a ƙauye mai aji biyu ma ɗan boko ne. Duk takardar da ta shigo gari, ta asibiti ce ko ta 'yan siyasa, sai ta biyo ta hannuna. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin abin. Sai na gyara murya, na bar mutum a tsaye yana jira, sannan in karanta.

Abu ɗaya na riƙe da kyau daga makaranta, don da bulala aka cusa mini shi. Malamin Turancinmu yakan bugi tebur, mu kuwa mu amsa kamar masu tilawa: "Has gone, ya tafi bai dawo ba! Has been, ya je ya dawo!" Misalinsa kullum ɗaya ne, he has been to Kano, wato ya je Kano ya dawo, ga shi nan zaune. Sauran darasin ko a aji uku ake yin sa, ko an yi shi ranar da ina gona, oho.

Ƙanena, autan Inna, yana aiki a wata masaƙa a Kano. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta ko kama sunana, sai dai ta ce "kai" ko "wannan". Shi kuwa auta babu kunya a tsakaninsu. In ya zo gida a tabarmarta yake cin tuwo, yana tsokanarta wai ta tsufa miyarta ta fara salancewa, tana kai masa duka da mafici.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano ne, da kaka, muna tsakiyar yankan dawa. Wayar hannu ba ta iso mana ba tukuna. Ranar kasuwar Kibiya wani direba ya ba kawunmu takarda, ya ce daga wurin aikin auta. Kawu ya kawo ta gida da la'asar. Shugabansu na aiki ne ya rubuta, mutumin kudu, ba ya jin Hausa. Layi uku ne kacal. Na farkon har yau ina iya zana shi da ka: Your brother has been in hospital for five days. Na biyu ya ce ciwon ƙirji ne. Na uku ya ce in gaya wa mahaifiyarmu.

Inna tana jin an ambaci asibiti ta miƙe. Kafin in gama ninke takardar ta shiga ɗaki ta ɗauro kuka da daddawa a tsumma, ta yafa mayafi.

"Yaya, motar Kano ba ta ƙare ba ko?" ta tambayi kawu.

Na ce, "Inna, zauna. Ya yi kwana biyar a asibiti, amma ya fito."

"Haka aka rubuta? An sallame shi?"

"An sallame shi. Da yana can har yanzu, da gone za su rubuta. Been suka sa. Ya je ya dawo ke nan."

Kawu ya ce, "Kai, ɗan nan, sake dubawa dai. Wannan bin da gon ɗin naka, mu ba mu san su ba."

Na ji haushi. A gaban mata da yara ana ce mini in sake dubawa. Na ce, "Kawu, in akwai wanda ya fi ni sani a garin nan, a kai masa." Babu, kuma na san babu. Na ƙara da cewa a bari mu gama kai dawa gida, ranar Juma'a ni da kaina zan raka ta.

Inna ta daɗe a tsaye da ƙunshin a hannu. Sannan ta ce, "To, alhamdu lillahi," ta ajiye shi a kan randa. Ba ta kwance shi ba.

Ranar Alhamis da hantsi abokin zaman auta a Kano, wani ɗan ƙauyen Lausu, ya sauka daga kan acaɓa a ƙofar gidanmu. Tun daga yadda ya cire hula yana murzawa na gane. Auta ya rasu da asuba. Bai taɓa barin gadon asibitin ba. Abokin nasa ya ce tun ranar da aka aiko da takarda, duk wanda ya turo ƙofar ɗakin sai auta ya ɗaga kai ya ce, "Inna ce?"

Daga garinmu zuwa Kano ba tafiyar yini ba ce. Wanda ya yi sammako, kafin azahar ya je ya dawo. Kwana uku cur muna da su a hannu, na kashe su a ɗaurin dawa.

Bayan sadakar bakwai na ɗauki takardar na tafi Rano wurin wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya. Ba neman sani ya kai ni ba. So nake ya ce mutumin kudun nan ne ya rubuta shirme, in samu wanda zan ɗora wa. Ya sa tabarau, ya karanta, ya ɗora yatsa a kan wata 'yar kalma.

"Karanta mini wannan."

Na ce, "In."

"To, ka gani. Da 'to' ya rubuta, wato has been to, da maganarka ta yi daidai, ya je ya dawo. Amma has been in, ga kuma for five days a bayansa, yana nufin yau kwanansa biyar a ciki, kuma har lokacin da ake rubutun yana nan kwance. Wanda ya rubuta bai yi kuskure ba." Ya cire tabarau ya dube ni. "Wa ya karanta muku?"

Na ce, "Wani ne a garinmu."

Ya ce, "Allah ya jiƙan yaron. Shi kuma wancan, ka ce masa in bai gane abu ba ya riƙa tambaya."

Harafi biyu. Malaminmu ya yi shekara yana dukanmu a kan been da gone, bai taɓa cewa mu dubi abin da ke biye da su ba. Na zage shi a raina tun daga Rano har gida. Amma ba shi ya ce wa kawu a kai wa wanda ya fi ni sani ba.

Na yi wata biyu ina ɗauke da maganar. Ran nan na tarar da Inna ita kaɗai tana tsince wake a faifai, na durƙusa na gaya mata duka. Na zaci za ta yi kuka, ko ta zage ni, da ma ta zage ni ɗin. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ranar nan jikina ya ba ni yana can. Sai na ce kai ka yi boko, ni ban yi ba."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce kwanansa ne ya ƙare, in tashi in tafi masallaci an kira salla.

Ta yi shekara shida bayan haka, ba ta sake tayar da zancen ba. Tuwona bai taɓa yankewa ba, gaisuwata ba ta taɓa ƙin amsawa ba. Sai dai da ƙafafunta suka fara kumbura aka ba ta katin asibiti da takardar magani, ta wuce ni ina zaune a zaure, ta kai wa 'yar maƙwabta mai aji shida na firamare ta karanta mata. Ina jin yarinyar ta katanga tana haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, in ta kakare ta ce, "Inna, wannan ban sani ba, sai an tambayi malam."

Yanzu kowa da waya a aljihu, kuma har gobe akan miƙo mini saƙon Turanci a ce, "Malam, duba mana." Nakan ce idona ba ya gani sosai. Idona ƙalau yake.