Shaidun Tsoho Kuwahara

A wani ofishin diyyar ma'aikata a Osaka, tsoho Kuwahara yana zaune cikin rigar kwat da ta yi masa yawa. Da gani, bara daidai take da shi. Ciwon dajin ƙurar asbesto, gubar da ya shaƙa a masaƙarsu, ya cinye shi, amma in ya yi tari sai ya rusuna ya ba jama'a haƙuri. Ladabi har bakin kabari!

"Baba, masaƙarku ta rufe tuntuni," in ji ma'aikaciyar. "Sai abokin aikinka ya buga hatimin shaida cewa a can ka yi aiki."

Ya zaro tsohon hoton abokan aikinsa, maza goma suna dariya.

"Zaɓi wanda ya yi miki, 'yata. Duk ciwon tarin nan ya kwashe su zuwa lahira. In na isa can zan turo miki shi."