Doki, Soja, Sannan Hafsa

Lokacin da nake aikin kula da tsofaffi, an taɓa tura ni daga unguwarmu Soundview zuwa gidan wani Bature ɗan Ingila a Manhattan, duk a birnin New York. Ya haura tamanin, yana kan keken guragu, aikinsa ɗaya: rubuta tarihin rundunar mahaya dawaki ta garinsu. Manoma ne 'yan sa-kai, kowa da dokinsa. Kakansa ya yi, ubansa ya yi, shi ko da ya shiga sai ya tarar motoci sun gaji dawakin. Kullum sai ya karanta mini. Ni da ban gama firamare ba a Kumasi, nawa gyaɗa kai.

Matsalar, ba ya cin abinci. In ajiye masa faranti, in koma gefe da nawa. Ya dube ni, in dube shi, dankali ya huce. A unguwarmu ta Zango a Kumasi ba a sa hannu a abinci kafin babba, balle a gidan aiki. Sati uku muna haka, har wandonsa ya fara zamewa.

'Yarsa ta zo ta ce in bai ƙara nauyi ba zuwa ƙarshen wata, gidan tsofaffi za ta kai shi. Can kuwa ba wurin tulin takardunsa.

Da ta fita na ce, "Baba, so kake yunwa ta kashe ka?"

"Kofur, ka ci?" Haka yake kirana.

"Kai nake jira."

"Ni ma kai nake jira. A rundunarmu doki ke fara ci, sai soja, sannan hafsa. Sau biyu na karanta maka."

Ya karanta ɗin. Gyangyaɗi nake yi.

Na zauna na share farantina. Ya ɗauki cokali, na ce, "Dakata, Baba. Doki bai ci ba."

"Ba mu da doki."

"Wa ke tura kekenka har bakin kogi?"

Ya yi nazari, ya ce hujja ce. Na ƙara faranti.

Bayan kwana biyu na shaida masa cewa doki ya gaji da dankali ba gishiri. Na fara kawo shinkafa da wake da yaji daga gida. Ya ce wajibi ne hafsa ya ɗanɗana abin da ake ba mutanensa. Ya ɗanɗana har da hawaye, ya miƙo faranti.

Ƙarshen wata nas ta auna shi, 'yar ta ce a bar shi a gidansa. Sannan ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Wai wa aka ce ya yi ƙiba a cikinku?"